Tsirkiya da Kallabi: Tarihin Ɗaurin Garaya da Danginta a Ƙasarmu

Gabatarwa

Duk inda aka ambaci Musawa a ƙasar Hausa, kafin a rufe baki wani zai ce garin Shata. Gaskiya ne kuwa, domin a nan aka haifi Alhaji Mamman Shata a shekarar 1923, a dandalin garin nan ya fara buɗe murya, kafin ya zauna a Bakori, daga baya ya mayar da Funtuwa gida, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a watan Yunin 1999, Allah ya jiƙansa. Sai dai hasken farin wata yakan ɓoye taurari. Amon kalangun Shata ya cika mana kunne har mun kusa mancewa da cewa ƙasar nan tamu, daga Jikamshi zuwa Tuge, daga iyakarmu da Matazu zuwa ta Malumfashi, ta daɗe da sanin wani kiɗan mai sanyin murya, wanda galibi a zaune ake yin sa, an ɗora abin kiɗan a cinya: garaya da molo da gurmi da goge da kukuma.

A wannan fitowa ta mujallarmu mun ga ya dace mu waiwayi wani ɓangare na wannan gado da ba kasafai ake tattaunawa a kansa ba, wato yadda ake ɗaura wa waɗannan kayan kiɗa tsirkiya, da yadda ake daidaita muryarsu. Waƙa tana iya shekara hamsin a cikin kaset ba ta ɓace ba. Ilmin ɗaurin tsirkiya kuwa a yatsun mai shi yake, ranar da aka kai shi makwanci an tafi da shi ke nan.

Gida Biyu na Kayan Tsirkiya

Masana kiɗa sun raba kayan tsirkiya gida-gida, amma biyu daga ciki su suka shafe mu. Gida na farko shi ne wanda tsirkiya ke kwanciya a bisa sanda: ta taso daga gindin ƙoƙo, ta haye ɗan itacen nan da ake kira jaki, ta miƙe har wuyan sandar inda aka ɗaure ta. Makaɗi yana danna ta da yatsun hagu, yana rage tsawonta ko ya ƙara, da haka tsirkiya ɗaya ko biyu ke ba shi muryoyi da yawa. Garaya da komo da molo da gurmi da kuntigi duk 'yan wannan gida ne, haka ma goge da kukuma, sai dai su goga su ake yi da izga.

Gida na biyu shi ne wanda tsirkiyoyi ke tasowa daga cikin abin kiɗan su miƙe sama zuwa wani lanƙwasasshen hannu, kamar dai yadda tsirkiyar baka take, kowace da tsawonta, kowace da murya guda tak. Ba a danna su da yatsa, yawan muryoyi yana ga yawan tsirkiyoyi. Wannan gida ya yaɗu ƙwarai a Afirka. Akwai ardin da matan Muritaniya ke kaɗawa, da ennanga ta mutanen Buganda a ƙasar Yuganda, da biram mai tsirkiya 5 ta Buduma mazauna tsibiran Tafkin Chadi. Kora ta Mandinka mai tsirkiya 21 ta ɗebo daga gidajen biyu, domin sandarta miƙaƙƙiya ce, amma kaɗa ta irin na gida na biyu ne.

Bahaushe ya zaɓi tsirkiya kaɗan da yatsu masu aiki. Amma damuwar gidajen biyu ɗaya ce: yadda za a ɗaure igiya a jikin itace ta tsaya daram, kuma a iya matsa ta ko a sassauta ta gwargwadon ƙwayar gero. Maganin da kakanninmu suka samo shi ne kallabi, zoben fata da ake naɗawa a wuyan sanda. Wannan dabara ita ce makaɗan Mali da Gambiya suka yi amfani da ita a jikin kora, inda suke kiran zoben konso.

Tsufan Sana'ar

A gidan tarihi na birnin Alƙahira akwai wani abin kiɗa mai tsirkiya 3 da aka tono a kabarin wani mawaƙi mai suna Har-Mose, wanda ya rayu kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Jikinsa itace ne da aka fafe aka rufe da fata, sandarsa ta ratsa fatar, tsirkiyarsa kuma ɗaure ta aka yi da igiya, babu ƙusar murɗawa. Duk wanda ya san molo, in ya ga hotonsa sai ya yi murmushi. Masana sun yi saɓani a kan ko daga can na Afirka ta Yamma suka samo asali ko kuwa kowane ya tashi da kansa, amma babu saɓani a kan cewa dabarar tsohuwa ce. Matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa, da ya ziyarci daular Mali a shekarun 1352 da 1353, ya ga mawaƙa riƙe da kayan tsirkiya suna tafe a gaban Mansa Sulaiman.

Fatauci da cinikin bayi sun kai wannan fasaha nesa. Wani Bature mai suna Tremearne, a littafinsa na 1914, ya bayyana Hausawan da ya tarar a Tunis da Tarabulus suna riƙe da al'adun da suka taho da su daga gida, kuma har yau a Tunisiya da Maroko ana kaɗa wani babban ɗan'uwan molo da ake kira gumbri. Ta ɓangaren teku kuwa, likita Hans Sloane ya buga zanen kayan tsirkiya na ƙwarya da fata da ya gani a hannun bayi a tsibirin Jamaika a littafinsa na 1707, kuma daga irinsu ne banjo ta Amurka ta fito.

A nan gida, garaya da babbar yayarta komo da maharba aka fara sanin su. Kudancin Katsina, wanda magabata ke kira Katsina Laka, ƙasa ce mai dausayi da kurmi da namun daji, saboda haka farauta sana'a ce mai daraja. Mai garaya shi ne ma'ajiyar tarihin maharba, shi ya san taken kowane da kirarinsa da dabbar da ya kayar. Daga baya garaya da goge suka zama kiɗan bori, musamman a gidajen Maguzawa da suka yawaita a tsakanin Malumfashi da yammacin Kano. Molo ya zama abokin hira da yabon jarumai. Yara kuwa, bayan an yi girbi, sukan feɗe bayan karan dawa su tayar da 'yan siraran zaruruwa, su cusa musu ɗan tsinke a ƙasa, sai ga abin kiɗa ya samu. A jikin wannan kara da yawa daga cikin makaɗa suka fara gane cewa tsirkiya in ta matsu muryarta hawa take yi.

Sassan Jiki da Sunayensu

Kowane sashe na waɗannan kaya yana da sunansa, kuma sunayen kansu taska ce ta harshe. Jikin garaya itace ne da masassaƙi ya fafe, dogo kamar ƙaramin akushi, aka rufe shi da fatar gada ko ta akuya. Jikin goge da na gurmi ƙwarya ce da aka raba biyu, aka rufe da fatar guza, domin siririya ce mai ƙarfi kuma tana amsa amo. Da danshinta ake shimfiɗa fatar a ja ta a kafe gefenta, in ta bushe sai ta ɗaure kanta. Ana huda mata ƙofa a gefe guda don amo ya sami hanyar fita. A garaya da molo, sandar tana bi ta jikin fatar ne ta tsaya a bakin wannan ƙofa, a kan tsininta ake ɗaura gindin tsirkiya. A goge da gurmi kuwa sandar tana huda ƙwaryar ta ɓullo ta baya.

Jaki shi ke ɗauke da nauyin tsirkiya, yana isar da motsinta ga fata, kuma duk wanda ya san aikin jaki a ƙauye ya san sunan ya dace. A ƙarshen sanda akan soka ceba, wani faffaɗan ƙarfe mai 'yan zobba da ke yin kacau-kacau duk lokacin da aka taɓa tsirkiya. Kunnen Bature yakan ɗauki wannan ƙara a matsayin aibi, amma a wurinmu gishirin kiɗan ke nan. Tsirkiyoyin ma an raɗa musu suna bisa ga halinsu: mai kaurin murya ana ce mata amale ko giwa, mai kaifin murya ana ce mata maguɗiya, wadda ta fi shan taɓi kuma sha-kiɗi. Tsirkiyar goge ita ce tsagiya, wato tarin gashin wutsiyar doki da aka jera ba a murɗa ba, ana goga ta da izga bayan an shafa wa izgar ƙaro don ta riƙa kamawa. Irin waɗannan kalmomi ne Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka tattara a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, kuma King a Katsina ya yi nasa binciken. Yau ɗan Musawa da aka haifa a Legas ko Abuja, in ya ji an ce kallabi, ɗankwalin mata kaɗai zai kawo a ransa.

Yadda Ake Ɗauri da Daidaitawa

A da, ana samun tsirkiya ne daga jikin dabba: gashin wutsiyar doki da aka murɗa, ko jijiya, ko fata da aka yanka siririya aka murza. Aikin farko shi ne zaɓen kauri. Amale tana son kauri da tsawo, maguɗiya tana son sirantaka. Mai ɗauri yakan fara da gindi, ya ƙulla tsirkiya a tsinin sanda, ya haye da ita kan jaki, sa'an nan ya kai ta wuya ya sarƙa ta cikin kallabi. Kallabin da ɗan danshi ake naɗa shi, zagaye bisa zagaye, ta yadda jan tsirkiyar da kansa zai riƙa ƙara matse shi a jikin sanda. A nan gwanintar take. In ya yi sako-sako zai zame a tsakiyar kiɗa, makaɗi ya ji kunya a gaban jama'a. In ya cika tauri ba zai motsu ba ranar da ake son motsa shi.

Ba a kai sabuwar tsirkiya ga muryarta a rana ɗaya. Ana ja kaɗan a bar ta ta kwana, gobe a tarar ta saki, a sake ja, har sai ta daina miƙewa. Mai gaggawa shi ke tsinka tsirkiya ko ya fasa fata. Wannan ka'ida ta fi tsanani ga kayan gida na biyu, domin duk tsirkiyoyin fata ɗaya suke ja, in ka matsa ɗaya sai 'yar'uwarta ta sauka. Shi ya sa mai biram ko mai kora yake zagayawa sau biyu ko uku kafin su zauna lafiya da juna.

Daidaitawa kuwa da babban yatsa ake yi. A tura kallabi sama, murya ta hau, a janyo shi ƙasa, murya ta sauka. In saura ƙiris, sai a gusa jaki. Mai goge yana da ƙarin dabara, yakan cusa ɗan ƙaho ko ɗan itace a ƙarƙashin tsagiya ta wajen gindi, ya tura shi ciki ko ya zaro shi. Abubuwa uku ke hukunta muryar tsirkiya: tsawonta da kaurinta da ƙarfin jan da aka yi mata. In aka danna ta a daidai tsakiya, muryar za ta koma 'yar'uwarta ta sama, kamar yadda muryar yaro ke bin ta babba a waƙa ɗaya. In kuwa da ja kaɗai ake son kai ta can, sai an ninka ƙarfin jan har sau 4. Malam Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya yi dogon bayani a kan ma'aunin tsirkiya a babban littafinsa na kiɗa, wani Bafaranshe mai suna Mersenne kuma ya fitar da lissafin a 1636. Makaɗinmu bai karanta ko ɗaya ba, amma yatsansa ya san hukuncin.

Sai kuma yanayi. Da damina fata takan sha danshi ta saki, jaki ya nutse, amo ya dushe, dole makaɗi ya shanya abin kiɗansa a hantsi ko ya kara shi kusa da wuta kafin ya fara. Da hunturu fata takan ɗaure har ta yi barazanar tsagewa, sai a sassauta tsirkiya in an gama, a sa abin cikin jaka. Saboda haka garaya ba a daidaita ta sau ɗaya a huta, kullum sai an gaisa da ita.

Da me ake auna daidai? A taron da aka yi a Landan a 1939, Turawa sun amince da ma'auni guda, wato muryar da ke kaɗawa sau 440 a sakan ɗaya, kowane abin kiɗa ya bi ta. Makaɗin Hausa maƙogwaronsa ne ma'auninsa. Yakan yi gunguni a hankali, ya kai amale inda muryarsa ta fi sakewa, sa'an nan ya ɗora maguɗiya a samanta da tazarar da kunnensa ya gada daga maigidansa. Yawancin kiɗanmu a kan matakan murya 5 yake tafiya. Bugu da ƙari, Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya su ke raba kukan yaro da kukar miya. Don haka dole tsirkiya ta iya hawa da sauka yadda harshe ke yi, in ba haka ba take ba zai fito ba. Gwajin ƙarshe shi ne makaɗi ya kaɗa taken wani, in mai taken ya waiwayo, to garaya ta daidaitu. Ko kalangun Shata da wannan hikima yake magana, domin igiyoyin da ake matsawa a hammata su ma tsirkiya ake ce musu.

Jihadi da Matsayin Mai Tsirkiya

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya sauya matsayin waɗannan kaya. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa shagaltuwa da kaɗe-kaɗe ba bisa wata manufa ta shari'a ba a cikin halayen sarakunan da ya yi wa gyara, ko da yake an bar tambari don tara jama'a da sha'anin yaƙi. Bayan da Katsina ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje wajen 1807, tsohuwar zuriyar sarauta ta yi arewa ta kafa Maraɗi, inda goge ya ci gaba da samun wurin zama a fili. A wannan ɓangare namu kuwa, tambari da kakaki da algaita suka riƙe fada, kayan tsirkiya suka koma ƙauye da dajin maharba da bayan gari.

Wannan tarihi shi ya sa har gobe ake ɗaga wa mai goge gira, ana danganta shi da bori da gidajen shaye-shaye. Abin da ya biyo baya shi ne ilmin ya zama na baka zalla. Malamanmu sun rubuta fiƙihu da tarihi da magani da lissafin taurari a ajami, amma ɗaurin tsirkiya ya tsaya tsakanin uba da ɗa, ko maigida da yaronsa mai ɗaukar jaka.

Zamanin Jirgin Ƙasa da Keke da Gwangwani

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka fita, kayan kanti suka shigo, kuma tsirkiya na cikin abubuwan da suka sauya. Keke ya kawo wayar burki, wadda in aka warware ta ake samun siririn ƙarfe mai kaifin murya. Kifin gwangwani ya kawo jikin kuntigi. Da gwangwani da fatar akuya da waya guda Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015, ya zagaya duniya yana waƙar talaka da karen mota. Kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro zaren nailan a 1935, kuma da ya iso kasuwanninmu a matsayin igiyar kamun kifi sai ya kori gashin doki daga jikin molo da gurmi, domin ba ya jin danshi, ga araha, ga shi ana samun sa kauri-kauri.

Sabon kaya ya zo da sabon ɗauri. Nailan yana da santsi, ƙullin da ya riƙe jijiya ba ya riƙe shi, sai an ƙara zagaye ko an ƙona bakinsa ya yi dunƙule. Waya kuma tana cin kallabi da jaki. Makaɗa suka koyi duk wannan ba tare da makaranta ba, kuma zamanin ya zama na bunƙasa. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, da kaset daga baya, sun kai kukumar Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka da Hassan Wayam, da kiɗan Garba Supa, da gurmin Haruna Uji, har cikin zaurukanmu.

Daga 1990, lokacin da finafinan bidiyo na Hausa suka kunno kai a Kano, sai fiyano mai lantarki ya karɓe fage. Shi a daidaice yake zuwa daga masana'anta, bisa ma'aunin Turai, yaro ɗaya a ɗaki yana fitar da amon da ya yi kama da goge. Kama ce kawai, domin 'yan tazarar nan da ke tsakanin muryoyin garaya babu su a jikin maɓallansa. A lokaci guda kuma dawaki sun ragu, kurmi ya zama gona, gada da guza sun yi wuya. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya hana hirar dare a ƙauyuka da dama na yankinmu, ya tarwatsa gidajen da ake gadon sana'a.

Darasi Daga Tafkin Chadi

Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Biram, wadda jikinta ke kama da kwalekwale, ita ce abin kiɗan Buduma masunta. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙafe ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a shekarun 1980. Masunta suka watse, matasa suka juya wa biram baya, har aka wayi gari wani dattijo mai suna Bukar Tar ne ake ɗauka gwani na ƙarshe da ya rage.

Malam Mamman Barka, malamin makaranta ɗan Tesker a gabashin Nijar, wanda yawancinmu mun san shi da waƙoƙinsa na Hausa a kan gurumi mai tsirkiya 2, ya sami tallafin hukumar UNESCO a 2002, ya tafi bakin tafki ya durƙusa a gaban wannan dattijo. Ya koyi ɗaurinta da daidaita ta da waƙoƙinta, kafin maigidan nasa ya rasu. Daga nan ya kai biram ƙasashen Turai, ya fitar da faifanta a 2009, shi ma ya rasu a Yamai a watan Nuwamban 2018. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru, da sai dai a ga biram rataye a gidan tarihi, babu mai iya sa ta magana.

Akwai wasu misalan. Imzad, gogen da matan Abzinawa ke kaɗawa, ya kusa ɓacewa, sai wata ƙungiya ta buɗe makarantar koyar da shi a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, kuma a 2013 UNESCO ta sa shi cikin jerin gadon 'yan'adam da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. A Senegal, masu ƙera kora a Keur Moussa sun musanya zoben fata da maɓallan murɗawa, abin da ya sauƙaƙa wa sababbin ɗalibai koyo. Wato kowace al'umma da ta farga da wuri ta sami abin da ta ceto.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Mun san akwai 'yan'uwa da za su ce ƙungiyar ci gaba ba ta da haɗi da garaya, ga asibiti, ga makaranta, ga rijiyoyi suna jira, wasu kuma su kawo hujjar addini. Muna girmama wannan ra'ayi. Abin da muke kira gare shi adana ilmi ne da harshe da tarihin sana'a, kamar yadda ake adana takobin yaƙi ba don a koma yaƙi ba. Kuma kuɗin da aikin zai ci bai kai na walimar taronmu na shekara ba.

Na farko, reshen gida ya bi gunduma-gunduma ya rubuta sunayen dattawan da suka iya fafe jikin garaya, da shimfiɗa fata, da naɗa kallabi. Na biyu, matasanmu masu wayar hannu su ɗauki hoton bidiyon aikin tun daga yankan itace har zuwa kaɗa take, dattijon yana faɗin sunan kowane sashe da bakinsa, a kuma biya shi haƙƙinsa. Na uku, a sayi ɗaya-ɗaya na kowane irin abin kiɗa a adana, tare da rubutaccen bayani a boko da ajami. Na huɗu, a kai kwafin abin da aka tara sassan nazarin Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, domin masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun riga sun share fagen nazarin makaɗa. Na biyar, duk dattijon da ya sami yaro mai son koyo, ƙungiya ta ɗauki nauyin ɗan abin da zai riƙe su shekara guda.

Ƙofofin neman taimako ma a buɗe suke. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare gadon al'adu, a ƙarƙashinta aka karɓi bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan sallar Kano a 2024. A 2023 kuma aka naɗa 'yar wannan gari, Hannatu Musa Musawa, ministar da ke kula da fasaha da al'adu. Amma babu hukumar da za ta san sunan tsohon da ke ɗaurin garaya a ƙauyenmu in ba mu muka kai mata ba.

Kammalawa

'Yan'uwa mazauna birane, ba a fafe gora ranar tafiya. Dattawan da suka riƙe wannan ilmi ba su da yawa, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Duk wanda zai zo gida hutun salla mai zuwa, muna roƙon ya tambayi iyayensa wane ne mai garaya ko mai gurmi a unguwarsu, yana raye ko ya rasu, wa ya gaje shi, ya kuma miƙa wa sakataren reshensa abin da ya samo. Da waɗannan sunaye za a fara aikin. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ƙara haɗa kanmu.